Katakon da Ya Ƙi Cin Wuta

Da rana tsaka wutar ta tashi a makarantar ɗinki ta matan Ƙofar Rini, cikin zafin bazara, lokacin da aka dawo da lantarki da ƙarfi har wata tsohuwar waya ta yi tartsatsi a cikin silin. Kafin maza su fito daga sallar azahar, rufin katakon ya kama daga wannan kusurwa zuwa waccan. Tagogin duk da ƙarafa a jikinsu saboda ɓarayi. Ƙofar baya kuma an daɗe da toshe ta da bulo. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, amma Malama Rahmatu, wadda ta tsaya tana tura ɗalibanta waje ta ƙofa ɗayar da ta rage, ta fito da hannayenta biyu a ƙone.

Abin da ya tunzura unguwa shi ne, bai kamata silin ɗin ya ci wuta ba. A farkon bazarar nan jama'a suka haɗu suka sayo wata farar hoda da ake damawa cikin fenti don hana gobara. Mai sayarwa ya gwada a gaban kowa. Ya kara wuta a jikin katakon da aka shafa, katakon ya yi baƙi, ya kumbura, amma ya ƙi kamawa. Aka ba Junaid mai fenti aikin shafe makarantar. Yanzu ga shi rufin ya tafi kamar busasshen kara.

Kafin la'asar magana ta zama ɗaya a bakin kowa: yaron ya sayar da hodar, ya shafa musu fentin banza. Matasa suka taru da sanduna. Mai'unguwa ya riga su, ya sa Junaid a ɗakin ajiyar hatsinsa ya kulle, ya ce nan zai zauna har a sauko daga Juma'a, sannan a miƙa shi ga 'yan sanda.

Mode mai bin sawu yana tsaye a bayan taron. Akuya ta ɓata, shi ake kira. Babur ya ɓata, shi ake kira. Ya gaji sana'ar daga mahaifinsa, maharbin da ya baro ƙauye ya zauna a inuwar gidan malamai. Amma Junaid ɗansa ne na fari, kuma ɗan fari ba a kama sunansa, ba a tsaya masa a gaban mutane. Tun da aka haifi yaron, Mode bai taɓa kiran sunan da bakinsa ba.

A gida ya tarar da matarsa Mariyatu zaune bakin murhu, ba ta hura komai ba.

"Baban Kausar," ta ce, "akuyar mutane kana bin ta har Gidan Dahala."

"Na ji."

"Ba ka ji ba. Yayan su Kausar ko ruwa bai sha ba da anka tahi da shi."

Ya ɗauki hularsa ya fita, don ɗakin ya yi masa kaɗan.

*

Makarantar ba ta bar masa komai ba. Masu kashe wuta da masu kallo sun tattake ko'ina, tsakar gidan kuma siminti ne. A ƙauye ƙasa tana riƙe labarin duk wanda ya taka ta. A birni sai mutum ya yi ta sunkuyo kamar mai neman allura, siminti na kallonsa. Ya zaga cikin toka da ƙarafan kekunan ɗinki da suka lanƙwashe. Abin da ya samu kawai ɓallin katakon ƙofa ne wanda wuta ba ta kai gare shi ba, da farin fentinsa. Ya sa shi a aljihu.

Daga nan ya wuce gidan Mai'unguwa. Ɗakin hatsin ba shi da taga, sai wata 'yar kafa a saman ƙyaure. Zafin da ke fitowa ta kafar ya ishi mutum sanin abin da ke ciki.

"Kai," in ji Mode a hankali.

"Baba." Muryar ta dishe. "Wallahi abin da anka ba ni shi na dama. Buhu huɗu, hwari tas. Yadda mutumin ya gwada, haka na yi."

"Wa ya ba ka?"

"Sirajo maigadi ya buɗe mani ɗakin ajiya. Baba, nan ba iska."

Mode ya ɗora tafinsa a jikin ƙyauren ƙarfen, ya ji yana ƙuna. Ya so ya ce wani abu mai sanyi, bai samu ba.

"Ka riƙa kwanciya ƙasa," ya ce. "Ƙasa ta hi sanyi."

*

Malama Rahmatu tana kwance a gidan iyayenta, hannayenta a naɗe da bandeji har gwiwa. Ta yi karatun kimiyya kafin ta koma koyar da ɗinki, ita ce ma ta kawo shawarar hodar tun farko. Mode ya durƙusa daga bakin ƙofa ya yi mata sannu, kansa a ƙasa.

"Baba Mode, ɗaga kanka, ba kai ka ƙone ni ba."

"Ina son in san abin nan, Malama. Ni ban yi boko mai nisa ba. In an shahwa shi, ya akan gane na gaskiya?"

"Da ido ba a ganewa. Da shi da alli duk ɗaya, ni ma ba ni rarrabewa. Sai ya ji wuta. In ya ji zahi sai fentin ya tashi ya yi baƙin kumhwa, ya lulluɓe katakon, iska ba ta kai gare shi, zahi ba ya kai gare shi. Ba wai ba zai ƙone ba har abada. Lokaci yake saya maka, ka samu ka hita." Ta dubi hannayenta. "Da mun samu wannan lokacin, da yanzu ina ɗinki."

"Ranar kin ga kumhwan?"

"Ko ɗigo. Alli anka shahwa mana."

"To na gaskiyar yana wani wuri ke nan."

"In ba a sayar da shi wani gari ba."

*

Mutane biyu ne suka taɓa buhunan kafin su kai hannun Junaid. Na farko Sirajo maigadi. Wata maƙwabciya ta rantse ta ga farin gari a ƙofar gidansa a Gidan Dahala. Mode ya je, ya ga farin garin kuwa, ya bi shi har cikin zaure. Wani farin ciki ya kama shi, wanda shi kansa ya ji kunyarsa.

Sirajo ya fito da jariri a kafaɗa.

"Farar ƙasa ta, Mode. Suna munka yi, na shahe zaure. Ko haihuwar ma laihi ta?"

Mode ya kankaro kaɗan daga bango, ya ɗora a kan guntun kwali, ya ƙyasta ashana. Kwalin ya cinye ƙurmus, garin ya zube yadda yake.

"Kai ma da kana ganina zaune kan benci kullum," in ji Sirajo, "in na sayar da buhu huɗu, wannan takalmin za ka gani ƙahwata?"

Na biyu Badaru mai Keke Napep, wanda ya ɗauko kayan daga tasha. Mode ya same shi a Mabera yana wanke kekensa. Badaru ya yi dariya tun kafin a gama tambaya.

"Sarkin sawu, ka zo duba tayata? Ga ta nan, duk garin Sakkwato irinta ta."

"Daga tasha ina ka nuhwa?"

"Gidan Malam Abdulshakur mana. Kayan jama'a ai can suka kwana a sa musu albarka, kamar kullum. Da sahe na kwashe na kai wa Sirajo. Ɗinkin bakinsu ko zare ban taɓa ba."

Mode ya gyaɗa kai ya wuce. Kowa ya san haka ake yi. Injin markaɗen unguwa a zauren Malam ya kwana kafin a kunna shi, haka ma kekunan ɗinkin. Malam Abdulshakur shi ne shugaban kwamitin makarantar, jikan malamai, kuma a 'yan ɗakuna biyun da ke bayan gidansa aka haifi Mode. Mahaifin Malam ne ya ba mahaifin Mode wurin, ba haya, ba takarda. Malam da kansa ya yi wa Junaid huɗuba, ya zaɓa masa sunan wani kakansa. Maganar Badaru ta shiga kunnen Mode ta fita, kamar yadda mutum ke tsallake tabarmar salla ba tare da ya duba abin da ke ƙarƙashinta ba.

*

Ranar Alhamis da safe ba shi da sawun kowa a hannu. Matasa sun fara zama a gaban gidan Mai'unguwa, in ya wuce sai hira ta tsaya. Ya je ya zauna a bencin Inno mai masa, tsohuwar gwauruwar da ke suya a bakin lungunsu tun yana yaro. Ba yunwa ce ta kai shi ba, wurin zama yake nema inda ba za a dube shi ba.

Inno tana faɗa da murhunta. Hayaƙi ya cika mata ido, tanda ta huce, ƙullu ya kwanta a ciki ya ƙi tashi.

"Wanga katako aljanu gare shi," ta ce. "Kananzir na zuba mai, ya sha ya yi shiru. Masata ta ƙi kumbura, shi ya kumbura."

Ta jawo shi da 'yan yatsu ta wurgar. Ya faɗi kusa da ƙafar Mode. Guntun katako ne, bai fi tafin hannu ba. Gefen da ya shiga wuta ya tashi ya yi baƙin kumfa mai kauri. Ɗaya gefen fari tas.

Mode ya daɗe yana kallonsa kafin ya ɗauka. Ya kankare kumfan da farce. A ƙarƙashi katakon yana nan lafiya, ko launi bai sauya ba.

"Inno, ina kika samo shi?"

"Hajjo ta aiko mani tun kwanaki, sai yau na kai gare shi. Ka san gidan Malam ba a zubar da abin da wuta ka ci, tun zamanin kakansu sadakata ta. An yi wa littattahwai sabbin kantoci, anka shahe su, sai sunka yi tsawo, kahinta ya rage su. In ka shiga ka ce ma Hajjo na gode, amma wannan sadakar ta hi ƙarhina."

"Akwai saura?"

"Kwashe duka, ka hutar da ni."

Hajjo mahaifiyar Malam ce. Duk abin da ya fita ta ƙofar mata, ita ke fitar da shi, kuma babu namijin gidan da ya taɓa tambayar me ya fita.

Mode ya tashi da katakon a hannu. Ga kwata nan a gefen lungu, baƙin ruwa na tafiya. Da ya saki hannunsa, shi ke nan. Ya tsaya a kanta har wani mai babur ya yi masa ham. Sai ya tuna ƙunar ƙyauren nan a tafinsa, ya mayar da katakon aljihu.

*

Bayan la'asar ya yi sallama a zauren Malam, ya cire takalmi tun daga waje. Malam Abdulshakur yana zaune kan buzu shi kaɗai. Ta bayansa ƙofar ɗakin littattafai a buɗe take kaɗan, ana hango fararen kantoci jere da gafakan littattafai na tsohuwar fata.

Mode ya durƙusa, ya ajiye guntun katakon a gefen buzun.

Malam ya dube shi, ya dubi katakon. Carbin hannunsa ya tsaya.

"Wa ya gani?"

"Inno, Allah shi gafarta Malam. Amma ba ta san abin da ta gani ba."

"To," in ji Malam. "Mode, bari yaron ya tahi gobe. Na san manya can. Ba zai daɗe ba, ni zan hito da shi da kaina. Yaro na, mutane suna mantawa da laihin yaro."

"Wa zai sake ba shi bango ya shahwa?"

"Allah na nan." Muryar Malam ta yi ƙasa. "Gidanga ya rufa wa ubanka asiri, ya rufa maka. Ban taɓa tuna maka ba. In sunan gidanga ya hwaɗi, kan wa zai hwaɗa?"

Mode ya ɗauki katakonsa, ya ja da baya a durƙushe har bakin ƙofa, kamar yadda ya saba tun yana yaro.

A gida ya ajiye shi a gaban Mariyatu ya gaya mata komai. Bangon ɗakinsu shi ne bangon ɗakin littattafan. Sun sha jin karatun Malam ta cikinsa da asuba. Mariyatu ta dubi bangon, ta dubi 'yan kwanukanta da ke jere a jikinsa.

"Ina za mu da yara?" in ji Mode. "Ban da ko taku ɗaya na ƙasa garin nan."

Ta tashi ta fara sauke kwanukan.

*

Da aka sauko daga Juma'a zauren Mai'unguwa ya cika har waje. Sirajo da Badaru suna gefe ɗaya, kowa na hararar ɗan'uwansa. Malam Abdulshakur yana kusa da Mai'unguwa a kan darduma. Malama Rahmatu ta sa an kawo ta, tana zaune daga ƙofar cikin gida tare da mata. Ɗakin hatsin yana nan a kulle, taku kaɗan daga inda ake zaune.

Mode ya shigo da kaskon garwashi, Inno na biye da shi tana mita an raba ta da tandarta.

"Ranka shi daɗe, a ba ni dama kaɗan."

Wani daga cikin matasan ya ce, "Yau kuma kunyar ɗan hwari ta ƙare?" Aka yi 'yar dariya. Mode ya ji ta har cikin ƙashinsa, amma bai juya ba.

Ya fito da ɓallin ƙofar makaranta ya nuna wa kowa farin fentinsa, ya ɗora a garwashi. Nan da nan ya kama, harshen wuta ya tashi. Ya fito da wani sabon guntu daga cikin na Inno, fari kamar na farko, ya ɗora a gefensa. Fentin ya yi duhu, ya fara tashi, ya kumbura ya yi baƙin kumfa. Na farko ya cinye ya zama toka. Na biyu yana nan zaune cikin wuta.

"Shi na," in ji Malama Rahmatu daga cikin mata. "Wannan shi na munka saya."

Zauren ya ɗauki surutu. Mai'unguwa ya ɗaga hannu.

"Badaru," in ji Mode, "da ka ɗauko buhunan, ina sunka kwana?"

Badaru ya buɗe baki da fara'arsa, sai fara'ar ta gushe. "Gidan Malam," ya ce a hankali.

"Inno, wa ya ba ki wanga katako?"

"Sau nawa zan hwaɗa maka? Hajjo ta. Ragowar kantocin littattahwan Malam na." Ta dubi fuskokin mutane, ta ga yadda suka yi. "Mi na ce?"

Ba wanda ya iya duban dardumar. Mode kansa garwashin yake kallo.

Da Malam Abdulshakur ya yi magana, da Mai'unguwa yake, ba da jama'a ba.

"Rubutun hannun kakannina na cikin ɗakin nan. Babu irinsu ko'ina. Wayar gidan ta tsuhwa, ina kwana ina jin ƙaurinta. Da na ga abin da mutumin nan ya gwada, sai na kasa barci. Na juye hodar, na zuba alli, na mayar da ɗinkin. Niyyata in sayo wani in sa a sake shahe makarantar, ban kai ga yi ba. Na ce ma raina, mata suna da ƙahwahu, in wuta ta tashi su hita. Littahi ba shi da ƙahwa."

"Ƙohwa ɗaya ta, Malam," in ji Rahmatu. Ba ta ɗaga murya ba. "Kai ka sa anka toshe ta baya, don kada maza su riƙa leƙenmu."

Ta ɗago hannayenta daga cikin mayafi, ta ɗora su a gwiwa inda kowa zai gani.

Mai'unguwa ya sunkuyar da kai ya yi salati. Matasan da ke bakin ƙofa suka fara jingine sandunansu a bango ɗaya bayan ɗaya, kamar ba su san wanda ya kawo su ba. Da Mai'unguwa ya ɗago, sai ya ce Malam ya dakata, akwai maganar da za su yi da hukuma. Sannan ya laluba aljihu ya miƙa wa Mode mabuɗi.

Kwaɗon ya yi zafi har sai da Mode ya kama shi da bakin rigarsa. Da ƙyauren ya buɗe, wani tururi mai warin gero da gumi ya bugi fuskarsa. Yaron yana kwance a ƙasa can ƙurya, ya juya baya, ya rufe kansa da hannaye. Ya ɗauka 'yan sanda ne.

"Kai," in ji Mode.

Bai motsa ba.

Duk zauren na bayansa suna ji.

"Junaid."

Yaron ya ɗago a firgice, yana neman wanda ya yi maganar, don bai taɓa jin sunan da wannan muryar ba.

"Tashi mu tahi."

Junaid ya dafa buhu ya miƙe. Mode ya riƙe shi a dantse, suka ratsa mutane suka fito cikin rana. A bakin lungunsu ƙanwarsa Kausar na zaune kan ƙullin kaya, Mariyatu na ɗaure tabarmi da igiya.

"Baba, ba gida za mu ba?" in ji Junaid.

"Ɗauki wancan babban," in ji Mode. "Ni in ɗauki tukwane."